Negatif ɗin Baffa da inda hannuna yake tsayawa

Tun da na fara shigar da tsofaffin negatif ɗin Baffa cikin kwamfuta, duk wanda na tura wa hoto a dangi tambayarsa ɗaya ce: "Asalin hoton ke nan, ko ka taɓa shi?" Gaskiyar magana, babu hoton da zai tashi daga negatif ya hau fuskar waya ba a taɓa shi ba. Negatif juyayyen abu ne. Inda rana ta haska nan ne ya yi baƙi, inda inuwa take nan ne ya yi wasai. In na kala ne, launukan ma a juye suke, ga kuma wani launi ruwan goro da ya lulluɓe fim ɗin gaba ɗaya, wanda kamfani ya sa da gangan don ya cike gazawar rinin da ke cikin fim idan an zo bugawa a takarda. Dole wani ya juya hoton, ya cire ruwan goron nan, ya tsayar da inda baƙi ya fara da inda fari ya ƙare. In ba ka yi da kanka ba, manhajar sikana za ta yi maka ba shawara, ita kuwa ba ta san fatar mutanenmu ba, ba ta san jar ƙasar Zariya ba. Gyara dai dole ne. Abin da ya rage shi ne mutum ya san iya inda hannunsa zai tsaya.

Baffa, Allah ya jiƙansa, ƙanen mahaifina ne. Ya buɗe shagon hoto a Sabon Gari wajen ƙarshen shekarun 1970, ya riƙe shi har lokacin da kyamarar dijital da wayar hannu suka kashe kasuwar. Da fari da Yashica yake aiki, mai ido biyun nan da ake ratayawa a wuya ana leƙawa ta sama. Fim ɗinta babba ne, lamba 120, hoto 12 kacal a naɗi ɗaya, kowanne tsawonsa da faɗinsa kusan santimita 6. Baƙi da fari ne, kuma da kansa yake wankewa a ɗan ɗakin bayan shago. Da hoton kala ya cika gari sai ya koma ƙaramin fim na milimita 35, mai hoto 24 ko 36: Kodak Gold, Fuji, Konica, Agfa, duk wanda ya samu. Waɗannan ba ya wanke su. Wankin kala, wato tsarin C-41 da Kodak ya fito da shi a 1972, yana son ruwan magani ya tsaya a kan zafin kusan digiri 38 ba ƙari ba ragi, don haka sai ya tara ya aika lab, wato wurin da ake wanke hoton kala da inji. Abin da ya bari adaka biyu ne cike da ambulan, kowace da kwanan wata a bayanta, wani lokaci da sunan unguwa: Kwarbai, Tudun Wada, Samaru, Limancin Kona.

Ba duka suka tsira ba. Adakar da ta zauna kusa da bango damina ta taɓa ta, fumfuna ta ci wasu, ta bar musu zane-zane a jiki. Wasu kuma da ka buɗe ambulan sai warin tsami ya buge ka. Wannan warin alama ce cewa robar fim ɗin kanta ta fara ruɓewa tana fitar da asid, zafi da danshi suna ƙara mata sauri, kuma in ta fara ba ta komawa. Fim ɗin zai yanƙwane, ya lanƙwashe, fuskar da hoton ke kanta ta tattare. Irin waɗannan nake fara wa aiki, kuma na ware su nesa da masu lafiya.

Sikanar da nake aiki da ita Epson V600 ce, mai fitila a cikin murfi domin haske ya ratsa fim ta sama. Kamfani ya ce tana kai ɗigo 6400 a kowane inci, amma abin da idonta ke iya rarrabewa a zahiri bai kai rabin haka ba. Ƙaramin fim ina ɗaukarsa a 3200, babba a 2400. Hoto ɗaya na milimita 35 yakan ba ni wajen ɗigo 3000 a faɗi da 4500 a tsawo, in na adana shi a tsarin TIFF mai bit 16, wato nau'in fayil da ba ya zubar da komai daga hoton, ya cinye kusan megabait 80. Yana da nauyi, amma JPEG, tsarin da hotunan waya suka saba zuwa a ciki, yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa, ni kuma wannan fayil na farko shi zai tsaya a madadin negatif ranar da negatif ya ƙare. Kafin in danna, sai na kashe duk gyaran da manhajar ke yi da kanta: ƙarin kaifi, ƙarin kala, goge tsaki-tsakin fim. Hoton yakan fito dishi-dishi ba armashi, kuma a matakin farko haka nake son sa. In ajiye shi gefe, in yi kwafi, a kan kwafin nake aiki.

Wanda bai taɓa sikanin fim a Zariya cikin hunturu ba bai san ƙura ba. Iska ta bushe, fim ya riƙa jawo ƙura da kansa. Ka hura da ɗan famfon roba, kafin ka rufe murfi wata ta sauka. A jikin negatif ba ka ko ganinta, amma a kwamfuta sai ta fito fara fat a kan kuncin mutum. Aikin ya fi tafiya da farkon damina, da sassafe, bayan ruwa ya kwantar da gari. Sikanar tana da dabarar goge ƙura da kanta: tana sake bin fim ɗin da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa rinin kala amma ba ya ratsa ƙura, ta haka take gane inda datti yake ta cike wurin. A fim na kala tana taimakawa. A baƙi da fari kuwa ba ta aiki, domin hoton da ƙwayoyin azurfa aka yi shi, su ma suna tare hasken, sai ta ɗauki hoton gaba ɗaya a matsayin datti. Na Yashica duka da hannu nake bin su, ɗigo bayan ɗigo.

Akwai masu cewa ko ƙurar ma a bar ta, ko karcen ma a bar shi, wai shi ne shaidar tsufan hoto. Ban yarda da su ba. Ranar da Baffa ya danna kyamara babu karce a fuskar amarya. Ƙura, karce, tabon ruwa, koɗewar kala, duk ɓarna ce da ajiya ta yi daga baya, kuma ina gyara su zuciyata wasai. Aikina a nan irin na mai ɗinkin hannu ne da aka kawo wa tsohuwar babbar riga: ya kama inda ta yage, ya nemi zare mai kama da na asali, amma aska takwas da aka yi mata tun farko ba zai warware ta ya mayar aska biyu ba.

Maido da kala ya fi goge ƙura wuya, domin rini uku ne a cikin fim kuma ba sa koɗewa tare. Ɗaya yakan riga sauran, sai hoton gaba ɗaya ya karkata, ya yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi. Littattafan koyarwa suna cewa ka nemi wani abu fari a hoton ka ce wa manhaja "wannan fari ne", ita kuma ta daidaita sauran. A nan garin wannan shawara tana da tarko. Fararen kayanmu bula ake sa musu wajen ɗauraya, don haka farar riga a zahiri tana da ɗan shuɗi-shuɗi. In ka tilasta mata ta zama fara tas, sai fuskar mai rigar ta koma rawaya kamar mara lafiya. Nakan haɗa shaidu da yawa kafin in tsayar: rawani, jar ƙasar bango, baƙin tayar keke, ja da koren kayan dogarai in hoton fada ne. In kuma atamfa ce, Goggo nake kai wa. Akwai hoton wani biki na shekarun 1980 da ankon matan ya fito mini ruwan toka mai duhu. Tana gani ta ce, "A'a, ɗan nan, wannan ai kore ne shar, ina da irinta har ta tsufa na yi tsumma da ita." Da na bi maganarta na ja kalar ta wannan gefe, sai fatar kowa da ke hoton ta koma daidai, har ganyen bishiyar da ke bayansu.

Akwai kuma naɗi guda na Hawan Sallah ƙarama ta 1999, zamanin marigayi Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. Sallar ta faɗo a watan Janairu, tsakiyar hunturu. Sama fara ce mai ƙasa-ƙasa, dawakan da ke nesa sun dusashe cikin hazo da ƙurar kofato. In na bar manhaja ta yi son ranta, nan take za ta share hazon, ta mayar da sama shuɗiya, lifidi da alkyabba su riƙa ƙyalli. Hoton ya fi ɗaukar ido haka, ba musu. Amma duk wanda ya tsaya ƙofar fada ranar ya san ba haka garin yake ba. Hazon yana gaban kyamara lokacin da aka danna, saboda haka na bar shi.

Inda na fi daɗewa kullum shi ne fuska. Babbar matsalar mai hoto a ƙasarmu ita ce baƙar fata cikin farar riga da rana tsaka. In ya auna hasken riga, fuska ta nutse. In ya auna fuska, riga ta ƙone ba a ganin ɗinki. Negatif yana iya riƙe duka biyun, takarda ce ba ta iyawa. Ina yaro na sha tsayawa gefen Baffa cikin jan hasken ɗakin wanki, yana buga baƙi da fari. Zai kunna fitilar na'urar faɗaɗa hoto, ya sa wata 'yar takarda da ya manna a bakin waya tsakanin fitila da takardar hoto, yana kaɗa ta a daidai fuskar mutumin na 'yan daƙiƙu don kada wurin ya yi duhu da yawa. Sannan ya dunƙule hannayensa ya bar 'yar kafa, ya ƙara wa rigar haske har ɗinkin wuya ya fito. Kowane hoto da hannu yake raba masa haske. Na kala kuwa da ake aikawa lab, inji ke bugawa, yana auna hasken hoton gaba ɗaya ya yi matsakaici. Tun shekarun 1950 katin gwajin da Kodak ke raba wa masu lab don daidaita inji hoton Baturiya ne, ana kiransa katin Shirley, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da mai mata masu fata daban-daban. Shi ya sa da yawa daga hotunan kala da ke cikin albam ɗin gidajenmu za ka ga riga tas, fuska kuwa ido da haƙori kawai.

To, idan na ɗaga inuwar da ke kan fuska a kwamfuta har goshi da kumatu suka fito, aikin Baffa na ƙarasa. Bayanin yana nan cikin negatif, takardar lab ce ta ɓoye shi. Na ga fuskar wani kawuna sosai a karon farko ta wannan hanya, mutumin da ya rasu ban yi wayo ba, wanda a bugun takarda duhu kawai yake ƙarƙashin hula. Amma tsakanin fito da fuska da canza wa mutum fata tazarar kaɗan ce, kuma maɓalli ɗaya ne ke yin duka biyun. Abin da nake dubawa shi ne sauran mutanen da ke hoton da kuma hannun mutumin. In a gidanmu an san wane baƙi ne, ƙaninsa wankan tarwaɗa, matarsa fara, dole bayan na gama wannan bambanci ya kasance yana nan yadda yake. In fuska ta fi bayan hannu haske har ana ganewa, na wuce gona da iri, sai in koma baya. Ana yawan ce mini, "Ka ɗan ƙara mata haske mana." Wani lokaci ana nufin hoton ya yi duhu, sai in gyara. Wani lokaci kuma ana nufin a mayar da ita fara, wannan kam ba na yi. Abin yana mini ciwo, domin matar da ake magana a kanta ta yi rayuwarta da wannan fatar, da ita aka aure ta, da ita 'ya'yanta suka san ta.

Sababbin manhajojin waya masu "gyara tsohon hoto" da ƙirƙirarriyar basira su suka fi tayar mini da hankali. Wani ɗan yayana ya ɗauki hoton Kaka da na tura, ɗan ƙarami ne kuma ya ɗan dusashe don ta motsa lokacin ɗauka, ya sa a irin manhajar nan ya dawo mana da shi cikin murna. Hoton ya yi kaifi, har gashin ido ana ƙirgawa. Amma billen da ke kuncinta na hagu ya ɓace, an ɗauke shi a matsayin karce. Wushiryarta ta rufe. Idanun sun ƙara girma. Goggo ta karɓi wayar ta duba ta ce, "Wannan kuma 'yar gidan waye?" Yaron bai yi da mugun nufi ba, so yake ya ga kakar mahaifinsa sosai. Sai dai manhajar ba ta tono komai daga hoton. Ta koyi kamannin fuskoki masu ɗimbin yawa ne, in ta ga wuri ya dusashe sai ta cike shi da abin da ya fi kama da wanda ta saba gani. Tsorona shi ne nan da shekara talatin wannan kwafin mai kaifi shi zai rage a wayoyin jikoki, dusasshen na gaskiya ya ɓace, su taso suna ɗauka haka Kaka take.

Cire mutum daga hoto ma na ƙi. Wata yayata, 'yar wan mahaifina, ta kira ni a kan hoton sunan ɗanta na fari, inda kishiyarta ta lokacin take zaune gefenta. Sun rabu ba daɗi, kuma na san abin da ta sha. Ta ce, "Don Allah, ƙanena, ka cire mini matar nan, so nake in rataye shi a falo." Na ce, "Yaya, zan yanke miki shi ke da jariri kaɗai, in buga miki babba. Amma in goge ta in cike wurin da bango kamar ba ta zo ba, ki yi mini afuwa." Yankakken hoto kowa ya san ɓangare ne na wani abu. Wanda aka goge mutum kuwa shaidar zur yake bayarwa, ga shi matar tana da 'ya'ya a gidan, su ma wataƙila hoton uwarsu ke nan da ƙuruciya. Ta ɗan yi shiru, ta ce to. Cikakken yana nan a ajiye.

Gefen hoto ma ba na yanke shi a fayil na asali. Ina ɗauka har bakin fim, inda sunan kamfani da lambar hoto suke. Sau da yawa abin da ke bayan mutum ya fi daraja yanzu. Akwai wani saurayi da ya tsaya jikin Vespa wajen Ƙofar Doka, tun kafin a yi gadar sama. A bugun takarda shi da babur ɗinsa kawai aka fitar. A negatif kuwa, can gefen dama, ga zauren ƙasa da zankwayensa, fuskar ginin cike da zanen magina, ga wata Fijo 504 irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ga yarinya da tiren talla ta juyo tana kallon mai hoto. Wayar lantarki da ta ratsa saman hoton, wadda kowace manhaja za ta cire maka cikin daƙiƙa, ita ma na bar ta, don tana gaya maka lokacin wuta ta riga ta iso unguwar.

Abu ɗaya ya sa na yi ta jujjuya ƙa'idata. A wasu manyan negatif ɗin situdiyo, musamman na 'yan mata da angwaye, in ka karkata fim ɗin a haske za ka ga ƙyallin fensir a kan fuska. Baffa ne ya bi da bakin fensir mai tsini ya cike ƙuraje, ya sassauta layin ƙarƙashin ido. A sikanin da aka faɗaɗa, ana ganin 'yan ƙananan zane-zanen ɗaya bayan ɗaya. Ashe shi ma yana gyara abin da ke gaban kyamara. Na yi tunanin ko wannan ya ba ni izinin yin irinsa, na ga bai ba ni ba. Shi mai hoton yana raye, ya zo da ƙafarsa, ya biya, ya karɓi hoton ya duba ya ce ya yi. Yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu. Ni kuwa yawancin waɗanda nake taɓa fuskokinsu sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda zan tambaya. Fensirin Baffa ba na goge shi, ba na kuma ƙara a kansa. Ya zama cikin hoton, kamar labulen da ya zaɓa da kujerar da ya zaunar da su.

Inda fumfuna ta ci bango ko sama, nakan cike da abin da ke kusa. Inda ta ci ido ko baki, ba ni da abin cikewa sai ƙage, don haka nakan bar tabon, in rubuta a bayanin fayil cewa nan fim ya lalace. Kowane hoto fayil biyu gare shi, na asali da gyararre, da lamba ɗaya da ta ambulan. A cikin bayanin ina sa kwanan watan da Baffa ya rubuta, da abin da na yi wa hoton a taƙaice, da sunayen da Goggo ta iya tunawa, wanda shi ne aikin da ya fi gaggawa, don ita kaɗai ta rage a sa'o'insu. Kwafi ɗaya yana kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya da ke gidan ƙanena a Samaru.

Negatif ɗin da na gama ba na zubarwa. Ina canza musu ambulan, in ɗaga su daga ƙasa, nesa da bango da rufin kwano. Sikanata ba ta kwashe duk abin da ke cikin babban fim ɗin Yashica ba, na san haka don in na duba da gilashin faɗaɗawa ina ganin zaren ɗinkin hula da bai fito a kwamfuta ba. In Allah ya hore mini kyamara mai ruwan tabarau na ɗaukar abu kusa-kusa, da fitila mai kyau ta ƙarƙashi, zan sake bin manyan nan tun daga ambulan ta farko.